Gudun harsashin bindiga da na ɗakin gwaji: me ya sa albarushi ya tsaya inda ya tsaya?

Aminu, Tudun Wada:

Assalamu alaikum. Ina gaida iyaye da malamai da 'yan uwa na wannan zaure. Akwai wata magana da malaminmu na fannin ƙarafa ya taɓo a aji, bai tsaya a kanta ba domin ba ta cikin darasin zangon, amma ta tsaya mini a rai. Ya ce akwai ɗakunan gwaji a Amurka da Jamus da Ingila da Japan inda ake harba 'yar ƙwallon alminiyom da gudun kilomita 7 a daƙiƙa ɗaya. Na duba gudun harsashin AK-47, na tarar kimanin mita 715 ne a daƙiƙa, wato abin da suke harbawa a can ya ninka shi kusan sau goma. Nisan Kaduna zuwa Zariya kimanin kilomita 80 ne, kuma abu mai irin wannan gudu zai cinye shi cikin daƙiƙa 12. Tambayata kashi biyu ce. Da me suke tura harsashin har ya kai haka? Kuma idan har hakan yana yiwuwa, me ya hana sojojin duniya riƙe irin wannan bindiga, suka tsaya a kan mai gudun mita 700 ko 900?

Baba Sajan, Kawo:

Wa alaikumussalam, ɗana Aminu. Na riƙe FN, na riƙe G3, daga baya na riƙe AK, kuma zan faɗa maka gaskiya, wannan lissafi bai kwanta mini ba. Abin da muka sani a aiki shi ne, gudun harsashi yana ƙaruwa da yawan albarushi da tsawon bututu, kuma kowane ɗayansu yana da iyakar da ƙarfe ba ya yarda a wuce. Bindiga mai sarrafa kanta idan ta sha harbi, bututunta yakan yi zafin da ba ya taɓuwa, dole a cire shi a sa wani, in ba haka ba harsashi ya riƙa baɗewa. Tun kafin in shiga soja na ga wani maharbi a ƙauyenmu ya ɗura wa bindigar toka albarushi fiye da kima domin yana son ta kai nesa, da ya ja kunama sai gindin bututun ya tsage kamar an sa gatari, yatsunsa biyu suka tafi. To wane ƙarfe ne zai ɗauki abin da ya ninka AK sau goma? Ko dai an ƙara wa maganar gishiri, ko kuma makami ne da suke ɓoyewa suna kiransa bincike. Gani ya kori ji.

Malam Habibu, Unguwar Rimi:

Baba, Allah ya ƙara girma. Lissafin da aka ba Aminu daidai ne, kuma abin da kuka faɗa game da iyaka shi ma daidai ne, sai dai ba ƙarfin bututu kaɗai ke kafa iyakar ba. A duba yadda gudun bindigogi ya jeru. Sauti yana tafiya a iska da kimanin mita 343 a daƙiƙa. Harsashin ƙaramar bindiga mai milimita 9 yana kusa da wannan, tsakanin mita 350 da 400. G3 da kuka riƙe tana kai mita 800, M16 ta Amurka ta haura 900. Akwai wani harsashin farauta mai suna .220 Swift da kamfanin Winchester ya fitar a 1935, wanda ke kai kimanin mita 1,200. Igwar tankar yaƙi ta zamani tana fitar da kibiyarta ta fasa sulke da kimanin mita 1,700. Abin lura shi ne, babbar igwar da Jamusawa suka yi wa birnin Faris luguden wuta da ita a 1918, daga nisan kimanin kilomita 120, ta riga ta kai mita 1,600 a daƙiƙa. Fiye da shekara ɗari ke nan, an inganta ƙarfe, an inganta albarushi, an kashe dukiyar da ba ta ƙirguwa, amma gudun bai motsa ba sai kaɗan.

Dalili yana cikin hayaƙin da albarushi ke haifarwa. Ba wuta ke tura harsashi ba, iskar da ƙonewar ta samar ce ke faɗaɗa tana danna shi ta baya. Wannan iska kuwa tana da nauyinta, domin haɗi ce ta tururin ruwa da naitirojin da iskokin kabon. Kafin ta ci gaba da danna harsashi dole ita kanta ta bi shi a guje cikin bututu, kuma saƙon matsi yana ratsa ta ne da gudun sauti na cikinta. Idan harsashi ya yi gudun da iskar ba ta iya cim masa, matsin yana nan jibge a gindin bindiga amma ba ya isa bayan harsashin. Wanda ya ƙara albarushi a wannan hali ya ƙara nauyin iskar da za a tura ne, ya kuma ƙara matsin da zai fasa gindi, irin abin da ya sami maharbin garinku. Shi ya sa ko a ɗakin gwaji, bindigar albarushi zalla ba ta kai kilomita 3 a daƙiƙa.

Aminu, Tudun Wada:

Malam, ke nan idan aka sami iskar da ta fi hayaƙin albarushi rashin nauyi, za a ƙetare wannan iyaka?

Injiniya Rabi, Malali:

Nan ne gaɓar, ƙanena Aminu, kuma da izinin Malam Habibu zan ɗora daga inda ya tsaya. Iskar da ta fi kowace rashin nauyi ita ce haidurojin, sai hiliyom ta biyo ta. A cikin haidurojin sauti yana tafiya da kimanin mita 1,300 a daƙiƙa tun tana da sanyi, kusan ninki huɗu na iskar da muke shaƙa, idan kuma aka zafafa ta sai ya ƙara ninkuwa. Wasu masana biyu, Crozier da Hume, a makarantar haƙar ma'adinai ta jihar New Mexico a Amurka, su ne suka fara gina bindiga a kan wannan tunani a ƙarshen shekarun 1940, kuma tsarin da ya samo asali daga aikinsu ake bi har yau.

Bindigar hawa biyu ce. Akwai babban bututu mai faɗi wanda ake cika shi da haidurojin. A gindinsa akwai albarushi, a gaban albarushin kuma akwai fistin na roba mai tauri. Albarushin ba ya taɓa harsashi ko kaɗan, aikinsa kawai ya ingiza fistin. Fistin yana tafiya yana matse haidurojin, ita kuma tana ƙara zafi da matsi, har ya cusa ta cikin wani mazurarin ƙarfe mai kaurin gaske inda babban bututu yake tsukewa ya haɗu da ƙarami. A bakin ƙaramin bututun an toshe hanya da wani faifan ƙarfe wanda aka yi wa tsaga biyu a gicciye, ba su huda shi ba, an dai raunana shi ne daidai gwargwado domin ya jure har zuwa wani matsi da aka lissafa. Da matsin ya kai, sai faifan ya buɗe gida huɗu, haidurojin mai zafin dubban digiri ta afka wa harsashin da ke zaune a gabansa. Harsashin yakan zama ƙwallo mai faɗin 'yan milimitoci, a lulluɓe cikin wata riga ta roba mai ɓari biyu ko huɗu wadda ke toshe bututu, ta kuma kare ƙwallon daga gogayya. Da an fito daga bututu rigar takan rabu ta bugi wani shinge, ƙwallon ta wuce ita kaɗai ta cikin wata kafa, ta shiga wata doguwar tanki da aka zuƙe iskar cikinta, ta tarar da abin da ake son gwadawa.

Baba, a nan amsar zarginku da tambayar Aminu ta biyu take, dalilin da ya sa ba makami ba ce. Tsawon irin wannan bindiga yakan kai mita goma, manyan cikinsu mita da yawa fiye da haka, a ɗaure a kan ginshiƙan ƙarfe a cikin gini. Bayan harbi ɗaya fistin ya riga ya lanƙwame ya cushe cikin mazurarin, sai an kwance bindigar an fitar da shi, a wanke bututu daga baƙin toka, a duba ko ya zaizaye, a sa sabon fistin da sabon faifai, a sake zuƙe iska. Wurin da ya yi harbi kaɗan a wuni ya yi aiki. Hukumar NASA tana da irinsu a White Sands da kuma cibiyar Ames a Kalifoniya, inda aka gina wata mai harbi daga sama zuwa ƙasa a shekarun 1960 domin a fahimci ramukan da ke fuskar wata kafin tafiyar kumbon Apollo zuwa can. Akwai ta cibiyar Ernst Mach a Freiburg ta Jamus, akwai kuma ta jami'ar Kent a Ingila.

Baba Sajan, Kawo:

'Yata Injiniya, Allah ya yi albarka, bayanin ya shiga. Amma ki ba ni amsar wannan. Kin ce suna zuƙe iskar tankin kafin su harba. Idan aka buɗe ƙofa aka harba wannan ƙwallo a fili, kamar a filin harbi na Jaji, me zai faru da ita? Domin idan har za ta yi kilomita ɗaya da rabin wannan gudun, to babu sulken da zai tsaya mata, kuma babu janar ɗin da zai ji labarinta ya yi barci.

Malam Habibu, Unguwar Rimi:

Ba za ta yi nisa ba, Baba. Turjiyar iska tana ƙaruwa da ninkin gudu a kan kansa. Abin da ya ninka gudunsa sau goma, iska tana tare shi da ƙarfi sau ɗari. Ƙwallon alminiyom mai nauyin giram ɗaya ba ta da jikin da za ta yi wannan kokawa. Iskar da ke gabanta za ta matsu ta yi zafin da ya wuce na narkewar alminiyom, fatarta ta fara zagwanyewa, gudunta ya zube tun ba ta yi mita ɗari ko biyu ba. Abin da muke gani da dare mu ce tauraro ya faɗo, yawanci tsakuwa ce ƙarama da ta shigo iskar duniya da gudun da ke tsakanin kilomita 11 da 72 a daƙiƙa, ta ƙone tun tana can sama.

Amma a inda babu iska lissafin ya juye, kuma wannan ne ya sa ake gina bindigogin. Ƙarfin duka rabin nauyi ne sau gudu sau gudu. Harsashin AK-47 yana da nauyin kimanin giram 8, kuma a gudunsa yana ɗauke da ƙarfin kimanin jul 2,000 (jul shi ne ma'aunin wannan ƙarfi). Ƙwallo mai giram 1 kacal a gudun kilomita 7 tana ɗauke da jul 24,500, wato ta fi shi sau goma sha biyu alhali shi ya fi ta nauyi sau takwas. Akwai wani ma'auni da nake so ɗalibaina su riƙe: da zarar abu ya kai kimanin kilomita 3 a daƙiƙa, ƙarfin da ke cikin gudunsa ya yi daidai da na nakiyar TNT mai nauyinsa. A kilomita 7 ya ninka nakiyar kusan sau shida. Ba ya buƙatar a ɗura masa komai, shi kansa ne nakiyar.

Usman mai walda, Panteka:

Malamai, ni sana'ata ƙarfe, kuma ina bin wannan magana tun daga farko. Mutane suna kawo mana aikin ƙofa su ce a sa falle mai kauri saboda tsaro, kuma abin da muka sani shi ne, iyakar kaurin falle iyakar kariyarsa. Idan abin nan yana da ƙarfin da Malam ya faɗa, wane kauri ake sa wa kumbon da mutane ke zaune a ciki a sama? Ai nauyinsa ba zai bari ya tashi ba.

Injiniya Rabi, Malali:

Malam Usman, tambayarka ita ce ainihin abin da waɗannan ɗakunan gwaji suka fi yi wa aiki, kuma amsar ta saɓa wa abin da hannu ya saba. A gudun bindiga, harsashi yana huda ƙarfe ne domin ya fi shi tauri ko kaifi, kuma sau da yawa akan tsince shi a lanƙwashe. A gudun kilomita 7 taurin ƙarfe ya daina zama abin lissafi, domin matsin da ke tashi a wurin haɗuwa ya ninka abin da ƙarfe ke iya jurewa sau da yawa, har su biyun, mai duka da wanda aka daka, su riƙa malala kamar ruwa na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Hukumar sararin samaniya ta Turai tana da wani hoto da ya shahara na gwajin da aka yi: tubalin alminiyom mai kaurin santimita 18, an harbe shi da ƙwallo mai faɗin santimita 1.2 a gudun kilomita 6.8. An yanka tubalin biyu domin a ga cikinsa. Ramin da ya samu zagayayye ne mai faɗin kimanin santimita 9, leɓensa ya tashi ya nannaɗe waje, ƙwallon kuwa babu ita, ta narke ta fantsama. Abin da ya fi ba ni tsoro a hoton yana can bayan tubalin, inda ƙwallon ba ta kai ba: ƙarfen ya ɓamɓare daga ciki ya kumbura waje, saboda girgizar dukan ta ratsa shi, ta bugi bango na baya, ta dawo ta yage shi. Ke nan falle mai kauri yana iya tsare ƙwallon, amma ya tofa ɓaraguzan jikinsa a kan wanda ke bayansa.

Maganin ya fito daga wani masanin taurari, Fred Whipple, a 1947, shekara goma kafin a harba tauraron ɗan'adam na farko. Ya ce a sa falle siriri a waje, a bar tazara, sannan bangon kumbo. Abin da ya zo a guje zai huda siririn fallen, amma a garin hudawa zai tarwatse ya zama ƙura da ɗigon narkakken ƙarfe, kuma kafin ya ƙetare tazarar ya bazu a fili mai faɗi, bangon ciki ya iya ɗaukarsa. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wadda ke zagaya duniya a tsayin kimanin kilomita 400 da gudun kusan kilomita 7.7 a daƙiƙa, da irin wannan garkuwa aka lulluɓe ta, an kuma cusa yadudduka na Kevlar da Nextel a cikin tazarar. Kaurin kowane falle da faɗin kowace tazara, da harbi aka gano su, ɗaya bayan ɗaya, ana ɗaukar hoto da kyamarori masu ɗaukar hoto dubu ɗaruruwa a daƙiƙa.

Usman mai walda, Panteka:

To mu ma idan muka yi ƙofa mai falle biyu da tazara a tsakani, za ta fi tsare harsashi ke nan?

Injiniya Rabi, Malali:

A'a, kada ka ɗauki wannan ka kai wa mai ƙofa. Garkuwar Whipple tana aiki ne domin gudun ya isa ya tarwatsa abin da ya zo. Harsashin bindiga ba ya gudun da zai sa ya tarwatse haka, zai huda siririn falle na farko ya wuce da jikinsa, ya huda na biyu. Kowane gudu da irin sulkensa.

Bashir, Barnawa:

Ina neman afuwa, amma ina ganin an yi nisa da gida. Duk abin da aka faɗa yana da daɗin ji, sai dai ban ga inda ya shafi mutumin da ke fargabar bin hanyar Birnin Gwari ba. Harsashin da ke kashe mutanenmu mai mita 715 ne, ba mai kilomita 7 ba. A nan Kaduna muke da masana'antar ƙera makamai ta DICON a Kakuri tun 1964, muke da NDA, muke da makarantar fasaha ta sojan sama, AFIT, a Mando, ga Kaduna Polytechnic, ga jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Idan akwai kuɗin bincike, a zuba shi a kan rigar sulke da hular kwano da motar da za ta tsare sojanmu da ɗan sandanmu. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Masu tashar sararin samaniya su ji da tsakuwarsu.

Malam Habibu, Unguwar Rimi:

Malam Bashir, ban ƙi maganarka a kan abin da ya kamata a fara da shi ba, amma ban yarda cewa tsakuwar tasu ce su kaɗai ba. Najeriya ta harba tauraron ɗan'adam NigeriaSat-1 a watan Satumba na 2003, sannan NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X a watan Agusta na 2011, kuma injiniyoyin Najeriya ne suka haɗa na ƙarshen a lokacin horonsu a Surrey ta Ingila. An sa su a tsayin kimanin kilomita 700, kuma wannan yanki yana cikin mafi cunkoson tarkace. A watan Janairu na 2007 Sin ta harbe tsohon tauraronta Fengyun-1C da makami mai linzami, ya fashe ya bar gutsattsari fiye da 3,000 da ake iya bibiya. A ranar 10 ga Fabrairu 2009 tauraron Iridium 33 na Amurka ya yi karo da mataccen tauraron Rasha Kosmos 2251 a saman Saiberiya, a tsayin kusan kilomita 790, da gudun da ya haura kilomita 11 a daƙiƙa. Na'urorin ƙasa suna ganin tarkacen da ya kai santimita 10, a kauce masa. Garkuwa tana tsare wanda bai wuce santimita 1 ba. Wanda ke tsakani ba a ganinsa sosai kuma ba a tsare shi. A 1983 ɓawon fenti ne kawai ya yi wa tagar kumbon Challenger rami har sai da aka sauya gilashin. Ƙasar da ke sayen tauraro da kuɗin talakawanta tana bukatar mutanenta da za su iya karanta rahoton gwajin garkuwarsa su ce ya isa ko bai isa ba.

Akwai kuma wani abu da ya fi wannan kusa da mu. A ranar 3 ga Oktoba 1962 wani dutse mai nauyin kimanin kilo 18 ya faɗo a Zagami, a lardin Katsina, kusa da wani manomi da ke korar tsuntsaye a gonarsa. Bincike ya tabbatar daga duniyar Mars ya zo, domin iskar da aka samu a kulle cikin jikinsa ta dace da wadda kumbon Viking ya auna a can a 1976. Kafin dutse ya kuɓuce wa Mars sai ya yi gudun kilomita 5 a daƙiƙa, kuma abin da ke iya cilla shi haka shi ne wani babban dutse ya faɗa mata. Wani ma'adini a cikin dutsen Zagami ya rikiɗe ya zama gilashi ba tare da ya narke ba, saboda tsananin dukan. Masana sun san gwargwadon matsin da ke yin haka ne ta hanyar dukan irin wannan ma'adini a ɗakin gwaji suna duba sakamako. Dutsen ya faɗo a ƙasar Hausa, amma a ɗakunan wasu aka karanta tarihinsa, kuma wannan yana damuna.

Baba Sajan, Kawo:

Ni a wannan gaɓa ina tare da Bashir rabi, ina tare da Malam rabi. Amma har yanzu ban sauka daga maganata ta farko ba, cewa inda duk aka ga ana neman gudu, akwai soja a bayan labule. Na sha jin labarin wata igwa ta Amurka mai aiki da lantarki. Ita ma binciken taurari ce?

Injiniya Rabi, Malali:

Ita kam makami ce, Baba, ba wanda ya ɓoye. Dogo biyu ne na ƙarfe a jere, harsashi a tsakaninsu, a saki wutar lantarki mai ƙarfin gaske ta shiga ta ɗaya, ta ratsa ta gindin harsashin, ta dawo ta ɗayan, maganaɗisun da ya tashi ya ingiza shi gaba. Babu iskar da za ta gaza bin sa, don haka iyakar albarushi ba ta shafe ta ba. A shekarun 1970, a jami'ar ƙasa ta Ostireliya da ke Kanbera, Richard Marshall da abokan aikinsa sun kai wani ɗan guntun roba mai giram 3 gudun kilomita 5.9 da ita. Sojan ruwan Amurka kuma, a Dahlgren ta jihar Virginia, sun yi harbi mai ƙarfin jul miliyan 33 a watan Disamba na 2010. Idan aka mayar da shi ma'aunin mitar gida, kimanin yunit 9 ne kawai. Wahalar ita ce sakin yunit 9 ɗin gaba ɗaya cikin ɗan yankin daƙiƙa, da sake tara shi kafin harbi na gaba, da kuma dogayen da wutar ke cinyewa a kowane harbi. Bayan an kashe kimanin dala miliyan 500, sun dakatar da shirin a 2021. Japan ta ci gaba da nata, har ta yi harbin gwaji daga jirgin ruwa a 2023. Ku lura kuma, gudun da Amurkawa suka nema kilomita 2 ne da ɗoriya, da harsashi mai nauyin kilo da yawa, domin shi ne zai iya ratsa iska ya kai nesa. Ɗaya daga cikin matsalolin da suka kayar da shirin Amurka ita ce wadda kuka fara ambata, lalacewar bututu, kuma ita ce ta addabi igwar Faris ta 1918, wadda aka jera wa harsasai masu lamba, kowane ya ɗan fi na gabansa kauri, domin bututun yana faɗaɗa da kowane harbi.

Ba zan ce babu hannun soja a bindigogin haidurojin ba. A Nevada akwai wata mai suna JASPER da ake dukan sinadarin fulutoniyam da ita domin a san halinsa a ƙarƙashin matsi, kuma aikin makaman nukiliya ne. Amma ko a can bindigar awo ce, ba a kai ta fagen fama.

Bashir, Barnawa:

To na ji. Amma ku faɗa mini abin da za a iya yi a Kaduna da kuɗin da ake da shi, ba abin da ake yi a Nevada ba.

Malam Habibu, Unguwar Rimi:

Abin da za a iya shi ne matakin farko, kuma shi ne wanda zai biya bukatar da ka kawo. Bindigar gwaji mai hawa ɗaya, wadda ke aiki da matsattsiyar iska ko naitirojin ko hiliyom, ba ta buƙatar albarushi, kuma tana ba da gudu daga mita ɗari zuwa kusan dubu, wanda mai gwaji yake saita shi yadda yake so. Wannan saitawa ita ce amfaninta a kan bindigar soja, domin mai gwada hular kwano yana son ya san daidai gudun da take fara huduwa, kuma ba zai sani ba sai yana iya ƙara gudu kaɗan-kaɗan yana aunawa. Da irin wannan na'ura ake harba gawar tsuntsu a kan gilashi da injin jirgin sama kafin a ba su izinin tashi. Da ita kuma aka warware musun da ya biyo bayan tarwatsewar kumbon Columbia a 2003. Manyan injiniyoyi da yawa ba su yarda cewa guntun soso mai rufe tankin mai zai iya fasa fiffiken kumbo ba, sai da aka harba guntu mai nauyin ƙasa da kilo ɗaya, da gudun kimanin kilomita 800 a awa, a wata cibiyar bincike a San Antonio ta Texas, ya buɗe rami mai faɗin kimanin santimita 40 a gaban idon masu kallo. Ya kamata a ce irin wannan aiki yana hannun cibiya mai izini da tsaro, haɗin gwiwa tsakanin makarantun da ka lissafa, ba abin da wani zai gwada a bayan gida ba.

Aminu, Tudun Wada:

Na gode ƙwarai, iyaye da malamai. Saura abu ɗaya. Malam ya ce taurarin nan biyu sun yi karo da gudun da ya haura kilomita 11, Anti Injiniya kuma ta ce bindigogin suna aiki a wajen kilomita 7. Yaya ake gwada garkuwa a kan gudun da bindigar ba ta kai ba?

Injiniya Rabi, Malali:

Wannan giɓi ne na gaske, kuma masu aikin ba sa musunsa. An taɓa kai kilomita 11 da bindigar haidurojin a cibiyar Ames, amma da harsashi mara nauyi ƙwarai, kuma daga kilomita 8 zuwa sama iskar mai zafi tana fara cin bututun, ƙarfen da ta ci ya gauraya da ita ya ƙara mata nauyi, a koma matsalar albarushi ta wata ƙofa. Tarkacen da ke kewaya duniya kuwa yakan haɗu da juna a kimanin kilomita 10, wani lokaci har 15 idan gaba da gaba ne. Hanyoyin da ake bi uku ne, kuma kowace da rauninta. Ana harbi a gudun da ake iyawa, a daidaita lissafin kwamfuta da sakamakon, sannan a bar kwamfuta ta hango abin da zai faru a sama da haka. Ana kuma amfani da na'urar Z ta cibiyar Sandia, wadda ke cilla siririn faifan alminiyom da maganaɗisu fiye da kilomita 30 a daƙiƙa, sai dai faifai ne ɗan ƙarami da ke tafiyar 'yan milimitoci kawai, ya dace da auna halin ma'adini amma ba ya gwada garkuwa sukutum. Ta uku ita ce a fita sararin a yi dukan a can. A watan Yuli na 2005 kumbon Deep Impact ya saki wani curi mai nauyin kimanin kilo 370 ya bugi tauraro mai wutsiya Tempel 1 da gudun kilomita 10. A ranar 26 ga Satumba 2022 kumbon DART ya afka wa dutsen Dimorphos da gudun kilomita 6 da ɗoriya, ya rage lokacin da yake ɗauka wajen zagaya babban dutsen da yake kewayawa da kimanin minti 32. Idan kana neman abin da za ka yi aikin kammala karatu a kai, ɓangaren lissafin kwamfutar ba ya buƙatar bindiga, kuma NASA ta wallafa sakamakon harbe-harbenta da dama wanda ɗalibi zai iya gwada lissafinsa da shi.